Faɗi-ka-mutun sarki: labarin masana'antar tangaran ta Meissen

Bakano a Saksoni:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar na ɗan ajiye littattafai na hau jirgin ƙasa zuwa Meissen, wani ƙaramin gari a jihar Saksoni ta ƙasar Jamus, a bakin kogin Elbe, kilomita kamar 25 daga Dresden. A can ne Turawa suka fara yin tangaran na gaske irin na Sin a masana'anta. An kafa masana'antar a 1710, har gobe kuma ana aiki. Na ɗauki wani kofin shayi da ɗan farantinsa, na leƙa farashi, na mayar a hankali kamar mai ajiye ƙwai, don kuɗin cefanena ne na wata guda.

Tsadar ba ta dame ni kamar labarin ba. Wani yaro ne, Johann Friedrich Böttger, yana koyon haɗa magani a wani shago a Berlin, sai ya shiga cika baki wai ya iya juya azurfa ta koma zinariya. Magana ta kai kunnen sarkin Prusiya, mai mulkin Berlin, ya ce a kawo masa shi. Yaro ya ga asiri zai tonu, ya tsere a 1701 ya shiga ƙasar Saksoni. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sarkin Saksoni, Augustus da ake wa laƙabi da Mai Ƙarfi, wanda ya haɗa da sarautar Poland, kullum cikin neman kuɗi yake. Ya sa aka tsare yaron, ya ce to bismilla, a yi mini zinariya. Shekararsa 19 a lokacin. Ya gudu a 1703 aka kamo shi. Zinariya dai ba ta samu ba, amma a Janairun 1708 farin tangaran ya fito daga wuta a ɗakin gwajin da ake tsare da shi a Dresden. Bayan shekara 2 sarki ya kafa masana'anta, ya kai ta wata tsohuwar fada a kan dutse a Meissen, Albrechtsburg, don kada kowa ya leƙa.

Tambayata ita ce: sana'ar da aka haifa a kurkuku, abin alfahari ce ko abin kunya? Kuma da babu wannan sarkin, da an samu?

Maman Zahra mai kayan kicin:
Wa alaikumus salam ɗana. Yanzu duk wannan tashin hankali a kan faɗi-ka-mutu? Ni da nake sayar da shi dozin-dozin, yara su fasa rabi kafin a gama jere? Allah mai iko.

Bakano a Saksoni:
Hajiya, a wancan zamani ba haka yake ba. Daga Sin da Japan kawai yake zuwa, a jirgin ruwa, tafiyar watanni, kuma babu Baturen da ya san yadda ake yin sa. Ga shayi da kofi da cakulan sun shigo yayi a gidajen manya, ana son abin sha da ba ya sauya ɗanɗano. Har farar zinariya suke ce masa.

Abban Sultan:
Ni ban ga abin muhawara ba a nan. Abin kunya ne, shi ke nan. Wannan Augustus ɗin fa shi ne a 1717 ya ba sarkin Prusiya sojojin doki 600 ya karɓi kayan tangaran na Sin guda 151. Mutane masu rai, da iyayensu da matansu, aka yi musayarsu da tuluna. Manyan tulunan suna nan a gidan tarihi na Zwinger a Dresden, har sunan sojojin dokin suka ci. Shi da bakinsa ya kira abin da ke damunsa ciwon tangaran. Wanda ya sayar da mutum 600 don tulu, kulle yaro ɗaya shekara goma sha wani abu ba komai ba ne a wurinsa. Sai 1714 aka ce an sake shi, ya mutu a 1719 yana da shekara 37, hayaƙin tanderu da giya sun gama da shi. To ina alfaharin?

Malam Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Na koyar da kimiyya shekaru masu yawa kafin in ajiye alli, saboda haka ku yi mini uzuri in na tsawaita.

Ɗana na Saksoni, ka ba da labarin kamar yadda masu zagayawa da baƙi suke bayarwa, ka bar mutumin da ya fi cancanta a ambata. Ehrenfried Walther von Tschirnhaus. Masanin lissafi ne, ya zagaya Turai, ya yi hulɗa da babban masanin nan na Jamus, Leibniz. Tun kafin Böttger ya san inda Saksoni take, shi yana ƙera manyan gilasai da madubai na tara hasken rana wuri guda, yana narka ƙasa da duwatsu iri-iri yana duba wanne ne ke narkewa, wanne ne ke jure wuta. A hannunsa aka danƙa yaron, shi ya karkatar da shi daga mafarkin zinariya zuwa yumɓu. Sai ya rasu a Oktoban 1708, a Maris na 1709 Böttger ya rubuta wa sarki cewa ya gano. Wanda ya mutu ba ya kai rahoto fada. Har yau masana a Jamus suna jayayya a kan wannan.

Abin da suka gano ɗin ma ba tsafi ba ne. Yumɓun tukunyarmu in ka matsa masa wuta da yawa sai ya lanƙwashe ya zube. Akwai wata farar ƙasa, kawolin, wadda ba ta narkewa da sauƙi, ita ce ƙashin abin. Sai a haɗa ta da wani dutse da ke narkewa ya zama kamar gilashi ya cike ƙofofin. Da farko alabasta suka sa, daga baya suka koma felsfa da ƙanƙarar dutse. A gasa sau ɗaya a zafin digiri kamar 900, a tsoma a ruwan ƙyalli, a sake gasawa a kusan 1400. A wutar nan kayan yana tsukewa da kusan kashi 1 cikin 6, don haka dole mai ƙira ya yi shi ya fi girman da ake so. Babbar wahalar tana wurin gina tanderun da zai kai wannan zafin da itace, kuma masu haƙar ma'adinai da narka ƙarfe na Freiberg ne suka taimaka a nan.

Bakano a Saksoni:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Kuma a Freiberg ɗin nake karatu, kullum malamanmu sai sun tuna mana nasu mutanen suna cikin aikin. Amma zan ɗan kare Böttger. Bayan rasuwar Tschirnhaus shi ya daidaita ruwan ƙyallin, shi ya mayar da gwajin ɗaki ya zama abin da za a iya yi da yawa a kai kasuwa. Kafin farin ma ya gyaru, ya fitar da wani jan kasko mai taurin gaske wanda ake gogewa kamar dutse mai daraja, har yau da sunansa ake kiransa. Ana ba da labarin ya rubuta a ƙofar ɗakin gwajinsa cewa Allah Mahalicci ya mayar da mai yin zinariya maginin tukwane. Ko ba komai ya san yadda zai yi wa kansa dariya.

Abban Sultan:
Dariyar ɗan kurkuku ke nan.

Ɗan Ƙanƙara:
Ku tsaya tukuna. Malam, kawolin ɗin nan da kake faɗa, ba ita ce farar ƙasar da ake haƙa a garinmu ana lodawa a manyan motoci ba? Tun ina yaro nake ganin mutane sun fito daga rami fari fat kamar an tsoma su a gari.

Malam Mai Ritaya:
Ita ce, ɗana. Akwai ta a Ƙanƙara, akwai a Alƙaleri ta jihar Bauchi. Sunan kawolin ma daga wani tudu ne a Sin, Gaoling, kusa da birnin Jingdezhen inda suka yi ɗaruruwan shekaru suna wannan sana'a. Su Meissen tasu daga wani rami a Aue suka fara samowa, daga baya suka koma Seilitz kusa da garin. Sai dai kowace ƙasa da halinta, in ƙarfe ya yi yawa a ciki farin ba ya fita sosai, sai an wanke an tace.

Ɗan Ƙanƙara:
To ikon Allah. Mu muna sayar da ita a buhu, Hajiya tana sayo ta a kwali daga Sin.

Maman Zahra mai kayan kicin:
Kar ka sa ni a ciki, ni 'yar kasuwa ce. Ka gasa mini faranti mai kyau a Ƙanƙara ka ga in ban saya ba.

Lauyan Zaure:
Bari in dawo da ku kan tambayar farko, don na ga an fara shiga kasuwa. Abban Sultan, zaluncin babu mai musunsa. Abin da ni ya ba ni mamaki shi ne zaluncin bai ma yi aikin da aka yi shi dominsa ba. An kulle ma'aikata a fada a kan dutse, an rantsar da su, an rarraba sirrin yadda mai haɗa ƙasa bai san aikin mai wuta ba. Shekara nawa abin ya riƙe? Ko 10 bai kai ba. A 1718 wani ma'aikacin fadar Vienna, Du Paquier, ya buɗe tasa masana'antar, a 1719 ya janye Samuel Stöltzel, wanda ya san ƙasa ya san tanderu, daga Meissen. Wani kuma, Hunger, ya wuce da abin da ya sani har Venice wajen 1720.

Ga inda abin dariyar yake. Stöltzel bai ji daɗin Vienna ba, albashi ba ya zuwa yadda aka yi alkawari, sai ya lalata musu kayan aiki ya gudo gida a 1720. Don a yafe masa, ya zo da tsaraba: wani matashin mai zane, Johann Gregorius Höroldt. Wannan Höroldt shi ya haɗa launukan da ke jure wuta, waɗanda suka sa duniya ta san Meissen. Wato ɓarawon sirri shi ya kawo musu arziki. Da ƙofar ta rufu ruf kamar yadda sarki ya so, da Höroldt bai shigo ba.

Abban Sultan:
Ranka ya daɗe, wannan ai hujjata ka ƙarfafa. Kullewar ba ta da amfani, sai cutarwa.

Lauyan Zaure:
Rabinta na ƙarfafa. Ɗaya rabin kuma, wa zai ciyar da mutane shekara da shekaru suna ƙona itace suna fasa kasko babu riba, in ba mai taurin kai da baitulmali a hannu ba? Ɗan kasuwa da ya janye tun shekara ta biyu. Kuɗin sarki sun yi aiki, sarƙarsa ce ba ta yi ba.

Abban Sultan:
Kuɗin talakawan Saksoni dai. Sarki ba ya noma.

Lauyan Zaure:
Wannan kuma na ba ka.

Maman Zahra mai kayan kicin:
Ni tambayata ta kasuwa ce. In kowa ya iya yi, yaya mai saye zai gane nasu? Mu nan kwali ɗaya ne, tambari ɗaya ne, sai ka buɗe ka ga abin da ka saya.

Bakano a Saksoni:
Hajiya kin taɓo wurin da ya fi burge ni. Da sirri ya fita, sai suka koma ga tambari. Wajen 1722 suka fara zana takubba biyu a gicciye, shuɗaye, a gindin kowane kaya. Daga tambarin sarautar Saksoni aka ɗauko su. Da hannu ake zanawa har yau, kafin a tsoma a ruwan ƙyalli, saboda haka yana ƙarƙashin gilashin, ba ya kankaruwa.

Akwai dalilin da ya sa aka tsananta haka. Wani ɗan kasuwar Faransa, Lemaire, ya haɗa baki da wani babban bafade mai kula da masana'antar, Hoym. Suka sa ana kwaikwayon kayan Japan a Meissen, ana zana takubban a saman ƙyalli, in an kai Paris a goge a sayar a matsayin na Japan, don ya fi tsada. Asiri ya tonu a 1731, bafaden ya rasa muƙaminsa. Kin ga a lokacin na Turai ne jabu, na Asiya ne na asali.

Wani abu kuma da zai yi miki daɗi: in kaya ya fito da ɗan aibi, ba sa ɓoyewa, sai a karce takubban da layi, mai saye ya san mai daraja ta biyu ne ya biya daidai.

Maman Zahra mai kayan kicin:
Kai! Da masu kawo mana kaya za su riƙa karce mai aibi, da hawan jinina ya sauka. Bara wani dila ya haɗa ni da kwali 40, na sama lafiya, na ƙasa duk baki a karkace. Har yau muna shari'ar fatar baki.

Goggon Yara:
Ni na leƙa hotunansu yanzu. Duk gumaka ne na birai da tsuntsaye da mata masu manyan riguna. Waɗannan ma a ci abinci a ciki ne?

Bakano a Saksoni:
A'a Goggo, ado ne na teburin manya. Da can da sukari ake ƙera irinsu a jera a wurin liyafa, tangaran ya zo ya maye gurbin. Mai ƙirar da ya shahara da su shi ne Johann Joachim Kändler, ya shigo a 1731 ya zauna har rasuwarsa a 1775. Aikinsa na farko, sarki ya ce yana son dabbobi da tsuntsaye manya-manya, wasu kamar girmansu na gaske, a cika wata fada da su. Ƙasa ba ta san sarki ba, da yawa suka tsattsage a wuta, na ga tsagar da idona a Zwinger. Augustus ya mutu a 1733 ba a gama fadar ba. Sai kuma kayan cin abincin da aka yi wa waziri Brühl daga 1737 zuwa 1742, sama da guda 2,000, gida ɗaya. Birai masu kiɗan da kika gani na wajen 1753 ne.

Amma sun yi na talaka-talaka ma, in an kwatanta. Akwai wani shuɗin zane da suke kira mai albasa, wanda ba albasa ba ce, rumman ne da wasu 'ya'yan itatuwa na zanen Sin, Jamusawa suka kalla suka ga albasa. Sun kuma riƙa yin ƙananan finjalai marasa mariƙi suna aikawa ƙasar Turkawa don shan gahawa.

Malam Mai Ritaya:
Lauya, zan ƙara maka wani abu a kan maganar kuɗin sarki, don kada a ɗauka duk inda sarki ya zuba kuɗi sana'a ta tsaya. Bayan Meissen abin ya zama gasa. Jamus a lokacin ƙananan masarautu ce barkatai, kowane mai rawani yana son tasa masana'antar. Höchst a 1746, Fürstenberg da Nymphenburg a 1747, Frankenthal a 1755, Ludwigsburg a 1758, Fulda a 1764. Mai Württemberg da ya kafa ta Ludwigsburg a fili ya ce irin wannan masana'anta dole ce ga ƙawa da martabar sarauta. Bai ce riba ba. Akwai wani Ringler da ya koyo aikin a Vienna, ya riƙa yawo daga wannan fada zuwa waccan yana sayar da sanin tanderu, kamar mai maganin gargajiya a kasuwannin ƙauye.

To ina suke? Fulda ta rufe a 1789. Frankenthal ta mutu a yaƙe-yaƙen juyin juya halin Faransa. Ludwigsburg ta rufe a 1824. Ta Vienna ma, da ta koma hannun gwamnati a 1744, an rufe ta a 1864. In sarki ya mutu magaji ba ya sha'awa, ko masarautar kanta ta rushe, sai wuta ta mutu. Ga kuma wani mai masana'anta daga Ingila, Wedgwood, ya cika kasuwa da kaya masu kyau da araha.

Lauyan Zaure:
Allah ya gafarta Malam, to me ya hana Meissen bin sahunsu? Ita ma ai ta sha wuya. A yaƙin shekara 7 da aka fara a 1756 sojojin Prusiya sun mamaye garin, sarkinsu Frederick ya kwashi kaya son ransa, a 1763 ya sayi tasa masana'antar a Berlin.

Malam Mai Ritaya:
A ganina abu biyu. Ta fita daga aljihun mutum ɗaya da wuri: wajen 1830 ta koma dukiyar ƙasar Saksoni, a shekarun 1860 aka sauko da ita daga kan dutsen zuwa ginin da aka yi don aiki a kwarin Triebisch. Na biyu, ba ta yar da hannu ba. Suna koyar da masu zanensu da masu ƙirarsu a cikin gida, shekara da shekaru, kuma sun adana tsofaffin mazuban ƙira dubun dubata. Abin da Kändler ya ƙera ana iya sake zuba shi yau. Sarauta ta faɗi a 1918, suna nan. Bayan 1945 Rashawa suka kwance injuna suka tafi da su, aka ci gaba. Gwamnatin gurguzu ta Jamus ta Gabas, wadda ke zagin sarakuna safe da yamma, ita ta fi kowa lallaɓa ta, don tana kawo kuɗin waje. Tun 1991 kamfani ne mallakar jihar Saksoni.

Abban Sultan:
Malam, da girmanka, amma har yanzu aljihun talaka ne, suna kawai aka sauya. Sun shiga sayar da sarƙoƙi da tufafi da kayan ɗaki suka tafka asara, a 2019 aka sanar da rage ma'aikata kusan 200. Wanda ke biyan haraji a Saksoni yana tallafa wa kofin da shi kansa ba zai iya saya ba. Bakano shaida ne.

Bakano a Saksoni:
Yaya Abba, ni ba na ma cikin lissafi, ɗalibi ne. Amma na tsaya na kusan rabin awa a bayan wata mata tana zana fure a gefen faranti, ba ta zana da fensir ba tukuna, ba ta ɗaga kai ba. Launin da take shafawa ma ba shi ne zai fito ba, sai ya shiga wuta yake komawa shuɗi, ita ta san abin da zai zama. Ban san nawa ya kamata jiha ta biya don kada wannan hannun ya ɓace ba, amma da na fito ban iya cewa sifiri ba.

Abban Sultan:
Matar a biya ta. Sunan Augustus ne ba na son a wanke.

Lauyan Zaure:
Babu wanda ya kawo sabulu.

Ɗan Ƙanƙara:
Bakano, in ka dawo hutu zan ba ka ƙullin farar ƙasarmu ka kai ɗakin gwajinku a duba mana yawan ƙarfen da Malam ya faɗa. Da gaske nake.

Bakano a Saksoni:
Kawo, amma a nike a busar, kuma sai na tambayi malamina takardar da ake bukata. Ba zan sauka a filin jirgi da farin gari a leda ba bayani ba.

Maman Zahra mai kayan kicin:
Jama'a ku saurara. Tun ɗazu na tashi yarinya ta sauko mini da wani tsohon faranti daga saman kabad, na kakata ne, tun kayan jerenta, mai shuɗin fure. Na ce wa ya sani. Mun kifa shi mun goge ƙura mun haska da fitilar waya.

Goggon Yara:
To? Akwai takubban?

Maman Zahra mai kayan kicin:
Babu ko wuƙa. Wani zaki ne da rubutun Ingila, rabi ya goge. Na ce ta mayar da shi inda yake, a hankali.